Gadar Inna da Agwaginta

Saura kaɗan ban rubuta wannan labarin ba. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ni ko gaisuwa ce sai na maimaita ta a zuciyata kafin ta fito. Sau biyu ina yage takardar. Amma Takwara ta ce tana koyon karanta Hausa, kuma tana son abin da za ta fara karantawa ya zama labarin agwagi. Ban iya ce mata a'a ba. Roƙona ɗaya ne: duk wanda ya karanta, kada ya karanta wa Inna.

Takwara 'yar yayana ce, shekararta bakwai. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa duk gidan muke kiranta haka. Yaya ya tafi ƙasar waje shekara tara da suka wuce, yana gyaran injinan asibiti. A can ya yi aure, 'yar can ya aura. Ba mu taɓa ganin matar ko 'yar ido da ido ba, sai a waya. Su ma ba su taɓa ganin gidanmu ba, domin duk ranar da Yaya ya kira ta bidiyo, Inna takan manna wayar a fuskarta, ba a ganin komai sai hancinta da rabin ido.

Ni a shagon hoto nake aiki, nan bakin titinmu. Ina shara, ina yanka hotuna, ina sa su a ambulan. Babban aikina kuwa jan labule ne. Labule huɗu gare mu a naɗe a jikin bango, kowanne da igiyarsa. Lamba ɗaya dusar ƙanƙara ce da wani ɗan gidan katako. Lamba biyu doguwar gada ce mai fitilu, da benaye a bayanta. Lamba uku falo ne mai matakala a lanƙwashe. Lamba huɗu lambun furanni, da ruwa yana tsartuwa sama. Mutum ya shigo ya zaɓa, Mai Hoto ya ce, “Auta, saukar da ƙanƙara,” ni kuma in ja igiya. Mutanen unguwarmu sun zaga duniya kaf ba su wuce bakin titi ba.

Muna da wata kwat mai gashi a wuya da ake sa wa masu zaɓar ƙanƙara. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa sai sun sa ta. Nakan tsaya a gefe da tawul, in goge wa mutum gumi, in yi maza in kauce kafin a danna.

Inna tsohuwar mai zuwa shagon ce, ta nan ma ta samo mini aikin. Duk shekara sai ta ɗauki hoto an aika wa Yaya. Ta yi ƙanƙara sau uku, falo sau biyu, amma gada ta fi so. Takan dafa ƙugu a gabanta kamar ita ta ba da kwangilar gina ta.

“Ba don ni ba ne,” takan ce. “Don kada surukai su raina mini yaro. Su san daga gidan mutunci ya fito.”

Ranar wata Talata da la'asar ina yanka hotunan fasfo sai wayata ta yi ƙara. Yaya ne, kuma ba ranar kiransa ba ce.

“Auta, ke kaɗai ce?”

“Maigida ya fita sayen takarda.”

“To, samu wuri ki zauna.”

Ya ce a makarantar su Takwara an ce kowane yaro ya kawo hoton ƙasar iyayensa, da wani nasa a ciki, ya tsaya gaban aji ya yi bayani. Shi yana wurin aiki, uwar ba ta lura ba, yarinya ta ciro hoton Inna daga bangon falo ta tafi da shi. Ta tsaya gaban aji ta ce wannan ita ce ƙasar babana, wannan kakata ce, wannan kuma gadarta ce.

“Auta, kin san gadar nan ta ina ce?”

“Ta lamba biyu ce.”

“Ta garin nan ce. Garin da muke zaune. Kullum da safe motar makarantarsu sai ta bi ta kanta.”

Na ajiye almakashi.

Ya ce wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko a ƙarƙashin gadar kakar take kwana, domin ita ba ta taɓa ganin ta a sama ba. Aji ya kwashe da dariya. Malamar ta tsawatar, ta ce Takwara ta sake kawo wani hoton ranar Litinin.

“Yaya, shekara nawa kana ganin gadar nan ba ka faɗa ba?”

“Ke za ki iya faɗa wa Inna?”

Yaya ya ci gaba da magana.

“Na nuna wa Takwara hotunan ƙasarmu a waya, duwatsu da koguna. Ta ce babu Kaka a ciki. Jiya ko abinci ba ta ci ba. Da na zauna kusa da ita sai ta ce mini, Baba, mu ba mu da ƙasa ne, muka ari ta mutane?” Sannan ya ce, “Hoto ɗaya nake so, Auta. Inna a ƙofar gida, yadda take. Kafin Litinin.”

Na sami Inna a tsakar gida tana ninke wanki. Sai da na zagaya ta sau biyu, na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa, sannan na faɗa mata. Da na zo kan gadar sai ta zauna a kan bokiti.

“Duk gadojin duniya, tasu Mai Hoto ya sayo?”

“Bai sani ba, Inna.”

“Ya sani mana. Tun da na ga idonsa na san ba ya ƙaunata.” Ta ninke zane ɗaya sau shida. “Yanzu me yayan naki yake so?”

“Hotonki a ƙofar gida.”

“Ƙofar wane gida?”

“Namu.”

“Wannan da nake gani?”

Gaskiya ƙofar gidanmu ba ta shiga hoto ba ce. Simintin katangar ya ɓaɓɓalle kamar taswira. Ƙyauren ƙarfe ne, rabi kore rabi tsatsa. A dama akwai bishiyar mangwaron da marigayi Baba ya dasa. A ƙarƙashinta Baba Mai Faci yake da tarin tayoyinsa da bahon ruwan da yake neman hujin taya a ciki. A hagu kwata ce, kuma a cikin kwatar agwagin Inna guda tara suke yini.

“In aika wa surukaina kwata?” in ji Inna. “Mutanen da aka ce ko karensu yana da likita?”

“Takwara ta ƙi cin abinci.”

Wannan ya taɓa ta. Ta dubi ƙyauren, ta dubi katangar, ta ja tsaki.

“Za a ɗauka. Amma sai an gyara ƙasar tukuna. Kira mini Mai Hoto, tunda shi ya ɓata shi zai gyara.”

Mai Hoto ya zo ranar Asabar da yamma. Ya tsaya a tsakiyar layi, ya haɗa yatsunsa kamar taga, ya leƙa ta ciki. Ya matsa dama ya leƙa, ya matsa hagu ya leƙa, ya girgiza kai.

“Inna, shekara ashirin ina wannan sana'a. Ba a ɗaukar mutum a waje haka tsirara ba labule. Ga shawara. Gobe in kawo lamba huɗu mu rataya a katangar nan. Furanni dai kowace ƙasa akwai su, ruwa ma haka. Ba wanda zai ce nasa ne.”

“Ka tabbata wannan karon ba lambun gidan surukata ba ne?”

“Na duba, babu rubutu a jiki.”

“Yaya ya ce yadda take,” na faɗa. Amma da alama a cikin cikina na faɗa, domin ba wanda ya juyo.

Aka tsara komai. Agwagi za a kulle su a banɗaki. Kwata za a rufe ta da katako a shimfiɗa darduma a kai. Tayoyi kuma a kwashe su zuwa bayan layi. A nan ne rigima ta tashi.

Baba Mai Faci tsoho ne siriri, kuma duk unguwar babu mai zagin ƙasar nan kamarsa. In wuta ta ɗauke ya zage ta. In wuta ta dawo ya ce ta makara. Ramukan titi, waɗanda su ne suke kawo masa aiki, su ma bai bar su ba. Ya saurari Mai Hoto yana murza wata roba a hannu.

“In kwashe su in kai ina?”

“Bayan layi, Baba. Na rabin sa'a kawai.”

“Shekara talatin da ɗaya ina ƙarƙashin bishiyar nan. Yau in ɓuya saboda baƙin da ko zuwa ba za su yi ba?”

“Baba, mu faɗi gaskiya. Me ke nan wurin da za a nuna wa duniya? Ƙasar nan babu abin ɗauka a cikinta.”

Baba ya ajiye robar a hankali.

“Maimaita.”

“Ai kai ma kullum haka kake faɗa.”

“Ni nake faɗa, a nan, a kan bencina. Zagin gida ne, ba na aikawa waje ba. Ka taɓa jin na sa shi a ambulan? Kai da kake sayar wa mutane ƙanƙarar leda. Yaron da kuke wa wannan wahalar, a bahon nan ya fara koyon gyara. Yana shekara shida yake nemo mini huji da kunnensa. Yau injin asibiti yake gyara wa mutanen da kuke jin kunya. A kan gada ya koya?”

Inna ta shiga tsakani. Bayan doguwar magana aka daidaita: tayoyi za su matsa taku biyar, shi kuma Baba za a sa shi a hoton, a gefe, in ya yi shiga ta mutunci.

Ranar Lahadi da hantsi layinmu ya cika kamar ana rabon wani abu. Tun da safe ni da Inna muka kora agwagi banɗaki, suka shiga suna ƙorafi. Inna ta fito cikin kayanta na ƙasan akwati, a sama kuma ta ɗora kwat mai gashi.

“Inna, lambu ne fa,” in ji Mai Hoto. “Ba a sa kwat a lambu.”

“Lambun sanyi ne. Yi aikinka.”

Baba Mai Faci ya iso da farar riga da wani jan laktaye da ya aro wurin tela. Ya rataya shi a wuya kamar igiyar guga, bai san yadda ake ɗaurawa ba, kuma ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi.

Mai Hoto ya miƙo mini kyamara. “Riƙe nan, kada ki danna komai.” Ya hau bencin Baba da guduma da ƙusoshi, mutum biyu suka ɗaga masa labulen. Ya buga ƙusa ta farko, siminti ya ɓallo ya faɗo masa a hula. Ya matsa ya buga ta biyu, ta shige gaba ɗaya kamar a cikin burodi. Katangarmu ba ta taɓa riƙe komai ba, ba kuma ranar za ta fara ba.

Yana ta fama, Inna tana tsaye a rana gumi yana bin gashin kwat, sai Baba ya ce bari ya shiga ciki ya nemi madubi ya ɗaura abin nan. Duk unguwar an san madubin gidanmu a banɗaki yake. Ni na tuna da agwagi, na buɗe baki, amma kafin maganar ta gama shiri ya riga ya shige.

Muka ji ya yi salati. Sai ga su sun fito ta ƙofa a jere, babbar a gaba, takwas a baya, ba gudu ba gaggawa, kamar ma'aikatan da aka ɓata wa lokaci. Suka bi ta tsakanin ƙafafun Inna. Suka tarar da darduma a kan kwatarsu, suka tsaya suna shawara. Babbar ta sa baki ta ja gefen dardumar, ta sami hanya, sauran suka bi ta. Mutanen da ke riƙe da labule suka saki don su tare su, lambu ya zubo a kan Mai Hoto ya lulluɓe shi har gwiwa. Daga cikin furanni muka ji yana cewa a riƙe benci.

Inna ta cire kwat ta jefar a kan taya, ta ɗaure gyalenta a ƙugu za ta bi agwagi. Sai ga Baba ya fito, laktaye a karkace, gashin agwagwa ɗaya a kan girarsa, ya ce da ita cikin natsuwa, “Hajiya, akwai mutane a banɗakinki.”

Inna ta dube shi. Ta dafa ƙyaure. Dariya ta kama ta, irin wadda rabona da jin ta tun babanmu yana da rai, har tana share hawaye da bayan hannu.

Shekara biyar ina tsaye a bayan Mai Hoto ina kallon inda yake sa yatsa. Kuma amfanin mutum irina shi ne ba wanda yake kallonsa. Na ɗaga kyamara na danna. Na matsa baya don bishiyar ta shigo, na sake dannawa. Sau bakwai na danna, ko mutum ɗaya bai juyo ba.

Daga baya aka ciro Mai Hoto daga lambu, aka ɗaure labulen da igiya daga reshen mangwaro zuwa tagar maƙwabta. Inna ta mayar da kwat, ta haɗe fuska, ta dafa ƙugu. Baba ya ƙame a gefe kamar mai gadin banki. Aka ɗauka. Mai Hoto ya ce in kai kyamara shago in zuba hoton a waya in aika.

A shago na buɗe kwamfuta na ga duka. Nasa ya fito tsaf, ba laifi ko ɗaya: wata mata da wani mutum a wani lambu. Nawa na huɗu kuwa ya ɗan karkace. Ga Inna ta dafa ƙyaure baki buɗe, ga Baba da laktayensa, ga tayoyi, ga agwagi uku a kwata, shida a hanya. Rana ta ratso ta ganyen mangwaro ta zuba a katangar, har ɓallewar simintin ta yi kyau. A can gefe ƙafafun Mai Hoto ne kawai suka fito a ƙarƙashin furanni.

Zan iya aikawa ba tare da kowa ya sani ba. Na sa yatsa a kai, na ɗauke. Fuskar Inna ce da ƙofar gidanta, ba nawa ba. Na zuba hotunan biyu a waya na koma gida.

Tana zaune a inuwa tana fifita. Na durƙusa na miƙa mata na lambu. Ta gyaɗa kai.

“Ka ji aiki. Aika.”

Na goga yatsa, ɗayan ya fito.

“Wannan kuma fa? Wa ya ɗauka?”

“Ni.”

“Ke?” Ta dube ni kamar an ce mata ɗaya daga cikin agwagin ce ta ɗauka. Ta mayar da ido kan wayar. “Ji bakina kamar ƙofar gareji. Ji kwata. Goge shi.”

Ban taɓa mayar wa Inna magana ba, ko a kan gishiri.

“Inna, takwararki ta tambayi ubanta ko ba mu da ƙasa. In muka sake aika mata labule, mun ba ta amsa ke nan.”

Fifitar ta tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya biyo. Da na ɗago, ta kawo wayar kusa da idonta.

“Ƙara mini girman nan wurin.”

Gefen ƙyauren take nufi, inda hannunta ya dafa. A jikin ginin akwai zane-zanen ƙusa, gajeru, wani a kan wani. Duk shekara marigayi Baba yakan tsayar da mu a nan, ya ɗora littafi a kanmu, ya ja layi. Na Yaya a dama, nawa a hagu. Kullum muna wuce su, mun daina ganin su. A hoton sun fito ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ja hanci, ta ce hayaƙin maƙwabta ya dame ta, alhali ba wanda ya hura wuta.

“Aika,” ta ce. “Amma ki goge kwatar. Na san kuna iyawa da injin nan naku.”

“In na goge ta, agwagin a kan me za su tsaya?”

Ta yi tunani.

“To ki rubuta a ƙasa cewa ana shirin gyara ta.”

“Tun ina goye ake shirin, Inna.”

“Ai ban ce ki sa rana ba.”

Na rubuta, na aika.

Ranar Litinin da la'asar Inna ta ƙi zama ta ƙi tsayuwa. Ta share tsakar gida sau biyu. Da wayar ta yi ƙara ta karɓe ta za ta manna a hanci kamar kullum, sai ta fasa, ta miƙo mini ta ce in riƙe daga nesa.

Fuskar Takwara ce ta cika wayar, haƙoranta biyu na gaba babu.

“Kaka. Agwagwa naki ne? Duka?”

“Duka tara. Da ke za a raba.”

Ta juya ta yi wa wani magana da yarensu da sauri, ta dawo. Yaya ya leƙo ta bayanta yana fassara. Ya ce a can, in yaro yana son ganin agwagwa sai an shiga mota an kai shi wurin shaƙatawa, kuma an hana taɓawa. Da aji ya ji kakar Takwara tana da tara nata na kanta, a ƙofar gida, sai da malamar ta buga tebur. Sun nemi sunan kowacce. Yarinyar nan mai tambayar ƙarƙashin gada ta ce ko za a iya zuwa hutu. An tambayi waye mai jan laktaye, Takwara ta ce shi ne shugaban tayoyi na ƙasa.

“Kada Baba Mai Faci ya ji,” in ji Inna. “Ba za mu sake shan iska a layin nan ba. Kwatar fa? Sun yi magana?”

“Malamar ta karanta musu cewa ana shirin gyarawa. Ta ce su ma akwai wata a bayan makaranta da ake shirin.”

Matar Yaya ta matso, ta gaida Inna da 'yar Hausarta, sannan ta yi doguwar magana tana dariya. Yaya ya sosa kai.

“Inna, ta ce mamarta ta gane gadar tun hoton farko. Shekara talatin tana bi ta kanta zuwa aiki.”

Inna ta dafe ƙirji.

“Ta ɗauka karamci ne, wai kina girmama garinsu. Abin ya daɗe yana damun ta. Ta zaga shagunan hoto tana neman labulen ƙasarmu don ta rama miki, ba ta samu ba. Yanzu tana roƙo, in kin yarda, a buga mata wannan hoton babba ta tsaya a gabansa.”

Inna ta gyara zama. Ta gyara ɗaurin kallabi. Ta dubi katangarmu tun daga sama har ƙasa kamar yau aka gina ta.

“Ka ce mata zan yi shawara. Ba kowa muke bari ya tsaya a ƙofar gidanmu ba.”

Aka yi dariya, ban da Yaya. Ya ce in juya wayar in nuna masa gefen ƙyaure. Na fita na nuna masa. Ya matso da fuskarsa kusa da wayar. Takwara ta tambaye shi mene ne, ya yi mata bayani, sai ta ɓace daga wayar. Muka ji ana jan kujera. Can ta dawo da littafi a kai tana haki, uwar tana biye da ita da abin awo. Suka tsayar da ita a jikin bangonsu suka auna, Yaya ya karanto mini lambar, na rubuta a bayan ambulan.

“Gwaggo,” in ji Takwara. Ni take nufi, kuma ba wanda ya taɓa kirana haka. “Ki sa ni a ƙofa.”

Washegari da sassafe, kafin in tafi shago, na aro tef wurin tela, na karɓi ƙusa wurin Baba Mai Faci. Na durƙusa a gefen ƙyaure na auna daga ƙasa, a dama, ɓangaren ubanta. Layin ya faɗo ƙasa kaɗan da nasa na shekara bakwai. Inna tana tsaye a kaina da kwanon dusar agwagi.

“Ƙara mata ko yatsa biyu,” ta ce. “Wa zai sani?”

Na ja layin daidai inda tef ya nuna, na hure ƙurar simintin, na ɗauki hotonsa na aika.